Ranar da Na Rungumi Minjirya

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke kaina, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kai Kawu Bawa kamun kifi a kogin Atbara ba. Har yau idan na gifta ta wurin masu suyar kifi a kasuwar Gadarif, sai in ji kunya ta taso mini sabuwa fil, in ƙara sauri kamar wani ya kira ni.

Kawu Bawa yayan mahaifiyata ne. Basarke ne daga wajen Yawuri, cikin mutanen da ba su da sana'a sai ruwa. Yana saurayi ya biyo mahaifinsa da ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a Gadarif, aka ce a tsaya a yi noman shekara guda. Shekarar nan ce ba ta ƙare ba har ya yi furfura. Ka duba lamarin Ubangiji, mutumin da ya tashi a cikin kwalekwale aka ajiye shi a garin da ko ruwan sha sai ka tare mai jaki ka saya. Ya yi noman dawa, ya yi na riɗi, ya aurar da 'ya'ya, amma hirarsa ba ta taɓa fita daga kogi ba.

Ni kuwa a lokacin ina tuƙin tarakta a gonakin Gadambaliya, ga gashin baki, ga agogon hannu, ga kuma wani suna da na samu ba da gumina ba. Kawu ya tsani yadda mu 'yan baya muke cakuɗa Hausa da Larabci. Ka ce masa garmut, ya ce tarwaɗa ake cewa. Ka ce bulti, ya ce karfasa. Ka kuskura ka kira ƙugiya sinnara, ranar ba za ka sha shayi da daɗi ba. 'Yan'uwana suna ganin ya gyara zama kowa ke neman hanya, ni kaɗai nake zama ina gyaɗa kai, ina cewa "haka ne, Kawu" a duk inda ya ja numfashi. Sai ya riƙa faɗa wa baƙi, "Cikin 'ya'yan gidan nan, wannan ne kaɗai Hausa ta zauna a bakinsa." (A wuyana ta zauna, don shi ke yin aikin.) Rabin abin da yake faɗa ban san shi ba, kuma ban taɓa tambaya ba, don kada a ƙwace mini rawanina.

Shekarar da yanar ido ta fara rufe masa gani, bayan an gama yankan dawa, ya sa aka kira ni. Na same shi a ƙarƙashin rumfa yana shafa wasu ƙugiyoyi da ya daɗe yana ajiyarsu a gwangwanin madara.

"Ɗan nan, ka kai ni ruwa," in ji shi. "Kifi ɗaya nake so in fitar da hannuna kafin hasken nan ya ƙarasa tafiya. Ba na kasuwa ba. So nake in ji nauyinsa a igiya."

Mahaifiyata ta ce ba ta yarda ba, tsoho mai rabin ido me zai kai shi bakin kogi. Na bugi ƙirji na ce ta bar mini shi, ai da ni za a je. Na samo mana wuri a wata lori da za ta Fashaga ɗaukar buhunan riɗi, muka hau muka zauna a kan tulin buhunan da babu komai a ciki.

Tun kafin mu bar gari karatu ya fara, kuma wallahi karatu ne mai kyau, har yau da shi nake amfani. Ya ce a wannan lokaci kogin ya ja baya, ya bar gurabe masu zurfi, to a nan kifi ke taruwa. Ka nemi inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai kwanciya, ko inda itace ya faɗa ruwa ya daɗe. Kada ka tsaya inuwarka ta faɗa a kan ruwan, kada ka taka ƙasa da ƙarfi, don kifi yana jin sawu. Kafin ka jefa ƙugiya, ka kwaɓa dusa da ragowar tuwo da laka ka watsa, ka ba su lokaci su taru. Karfasa tana son tana, a ƙaramar ƙugiya. Tarwaɗa tana son hanjin kaza da ya kwana ya fara wari (wannan yana cikin kwano a tsakanin ƙafafuna, sauran fasinjoji duk sun ba mu fili). Giwan ruwa kuwa ba ya kallon mataccen abu, sai ka soke masa ɗan ƙaramin kifi mai rai ta baya, ka sake shi ya yi ta yawo.

"Kuma kada ka naɗa igiya a yatsa," ya ce, yana nuna mini wani tsohon tabo a hannunsa. "A sanda ake naɗawa. In babba ya ja, ka ba shi igiya ya tafi. In ya tsaya, ka karɓa a hankali. Gardama da shi ba ta yi."

"Haka ne, Kawu."

"Ƙurungu ka kula da ƙayarsa, ta bayan kai ake kama shi. Minjirya kuwa, ai ka san minjirya."

"Haba Kawu, wa bai san minjirya ba?"

Ya yi dariya har da tari. "To ba sai na ɓata bakina ba. Ita wannan, duk wanda ya riƙe ta sau ɗaya, har ya mutu yana ba da labarinta."

Na taya shi dariya. A raina na ce lallai wannan kifin alfarma ne, irin wanda ake kai wa surukai. Na ma yi addu'a Allah ya sa in kama ta.

Muka sauka a wani ƙauyen Hausawa da ke bakin kogi, muka kwana a gidan wani da ya san Kawu. Da safe muka gangara. Akwai mata suna wanki a kan duwatsu can gefe, Kawu ya sa muka ɗan matsa sama da su, inda wata bishiya ta kwanta rabinta a ruwa. Abin da na gani a wurin nan ban taɓa ganinsa a gida ba. Tsohon da sai an riƙe masa hannu zai tsallake kwata, yana jin ƙamshin ruwa bayansa ya miƙe. Ya tsoma hannu ya ce zurfin yana ta hagu. Ya ɗaura ƙugiya ba tare da ya duba ba. Ya yanki guntun kara ya ɗaure a igiyata don ya yi yawo a saman ruwa ya nuna mini in an taɓa, ni kuma na ba da gudummawar notin tarakta don nauyi, ya ce ba laifi.

Na kama masa 'yar ƙaramar karfasa, ya soke ta a babbar ƙugiya ya jefa can gindin bishiyar. Ni na sa hanjin kaza, na kafa sandata a laka kusa da shi. Muka zauna shiru. Ban taɓa jin Kawu ya yi shiru haka ba.

Rana ta ɗan ɗaga sai na ga igiyarsa ta miƙe tana yanka ruwa. Ya tashi tsaye a hankali, sandar tana juyawa a hannunsa.

"Shi ne," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Giwan ruwa ne. Ɗauko sandar nan mai ƙugiya ka tsaya a bayana. Sai na ce maka yanzu."

Ya ba shi igiya, ya karɓa, ya sake ba shi. Ya shiga ruwa har gwiwa. Zufa tana zuba daga gemunsa, amma fuskarsa ta koma ta yaro. Matan suka bar wanki suka matso suna kallo. Kifin ya gaji ya fara matsowa, har na hangi azurfar bayansa ta juya a ƙarƙashin ruwa.

To a nan ne guntun karan da ke igiyata ya nutse.

Mai hankali zai bar shi. An ba ni aiki ɗaya, kuma ba mai wuya ba ne. Amma ga mata suna kallo, duk idanu suna kan tsoho, ni mai agogo ina tsaye riƙe da sanda kamar ɗan rakiya. Na ce bari in fizgo nawa da sauri in dawo. Na ajiye sandar, na shiga ruwa na jawo. Sai ga wani kifi jibgege, mai taushi, mai ɗige-ɗige, da 'yan ƙananan idanu, yana zuwa salin-alin ba gardama. Na duba bayansa ban ga ƙaya ba, na ce alhamdu lillahi.

Wata dattijuwa cikin matan ta ɗaga murya, "Minjirya ce! Kai, minjirya ce!"

Kun san abin da na yi? Murmushi na yi mata. Na ɗauka barka take yi mini. Na ce a raina ga addu'a ta karɓu, na sunkuya ina cikin ruwa, na sa hannu biyu na rungumo ta zuwa ƙirjina don kada ta kuɓuce.

Na taɓa kama wayar batirin tarakta da jiƙaƙƙen hannu, amma wannan wasan yara ne. Wani abu ya buge ni daga tafin hannu har tsakiyar kai, haƙorana suka haɗu, idona ya ga wuta. Ihun da na yi ko kalmar Hausa ɗaya babu a cikinsa, uwata na kira da Larabci tsantsa, "Ya yumma!" Na yi sama na yi baya, na faɗa a kan igiyar Kawu da ke miƙe, na haɗa da shi kansa muka zube a laka. Na ji ƙarar tsinkewarta a kusa da kunnena.

Da na dawo hayyacina ina zaune a ruwa har ƙugu, hannuwana ba sa jin komai, matan kuwa har da masu riƙe ciki. Dattijuwar ta matso tana share hawayen dariya.

"Ya zol, kai bawan Allah, barada ce fa. Ba ka san barada ba? Ko jaririn garin nan ba ya taɓa ta."

Barada. Na san barada sarai. Tun ina yaro nake jin labarin kifin nan mai lantarki a bakin abokaina, ganinta ne kawai ban taɓa yi ba. Da da wannan sunan aka kira ta, da ko igiyar ban tsaya riƙewa ba.

Kawu yana zaune a laka, guntun igiya a hannunsa, hularsa tana tafiya a kan ruwa. Na yi zaton zagi zai biyo, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ya juyo da fuskarsa wajena.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi, Kawu."

"Yaya girmansa?"

A nan na tuna shi bai gani ba. Na ce ya kai tsawon hannuna biyu a buɗe, kuma ban ƙara ko ɗan yatsa ba. Ya gyaɗa kai, ya ce haka ya ji a igiya. Na ce mu sake jefawa, ya ce gurbin ya riga ya watse, ba abin da zai ci yau, kuma hannunsa ya mutu. Washegari ya tashi da zazzaɓi saboda jiƙewar da ya yi, dole muka nemi lorin komawa.

Mun yi nisa a hanya. Can na tattara ƙarfin hali na ce, "Kawu, ka yafe mini. Ban san kalmar ba. Da yawa cikin abin da kake faɗa ban san su ba."

"Na yafe," ya ce. Sannan ya ƙara da cewa, "Da ka tambaye ni, da na ji daɗi. Shekara da shekaru ina jiran wani a gidan nan ya ce, Kawu, mene ne wannan? Na ɗauka kai ba ka tambaya ne don ka sani."

A gida ya faɗa wa mahaifiyata igiyar ce ta tsufa. Bai taɓa tona ni ba, direban lorin da ya ji labarin a ƙauyen ne ya yi wannan aikin, har abokan aikina a Gadambaliya suka laƙaba mini Angon Barada, sunan da ya bi ni shekaru. Wannan bai dame ni ba sosai. Abin da ke damuna shi ne na yi wa Kawu alkawarin za mu koma baɗi, kafin baɗin ta zo idon ya rufe gaba ɗaya, ƙafafu suka bi baya. Bai sake taɓa ruwan kogi ba. Na riƙa zuwa ina zama kusa da shi ina tambaya, yana ba ni amsa da murna, amma lokacin da ya rage mana bai kai yawan abin da ban sani ba.

Yanzu nakan je kogi da kaina, kuma nakan kama, ba yabon kai ba. Darasin da na ɗauka ba shi da tsawo: in aka faɗi kalmar da ban sani ba, sai in tsayar da mai magana, ko a gaban wa muke. 'Ya'yana suna cewa na cika tambaya kamar ɗan sanda, har sukan ja da baya idan muka shiga kasuwa tare. Ina barinsu su yi dariyarsu. Sai dai wani lokaci nakan fito da kifin da ban san sunansa ba, in tambayi na kusa da ni, ya gaya mini da Larabci, in ce to da Hausa fa, ya ɗaga kafaɗa ya ce sai dai in nemi tsofaffi.