Bana Ma Yaran Gidanmu Sun Girma

"Ka ƙara yatsa biyu," in ji Inna.

"Alu, ka hwaɗa ma Inna ba a ƙara komi," in ji Dijatu.

Inna tana zaune bisa tabarma, Dijatu tana tsaye bakin turmi, tsakaninsu bai kai tsawon taɓarya ba. Amma Dijatu matar wana ce, ba ta mayar wa uwar miji magana kai tsaye, don haka ta bakina ake faɗan. Ni ne a tsakiya da zare a hannu.

"Ka hwaɗa mata na ji," in ji Inna. "Hatsi ne ya ƙare a gidan ga, kunnena na nan."

"Ka hwaɗa ma Inna Allah shi huci zuciyarta, amma ɗiyan ga ni na haihe su, na san inda suka tsaya."

"Ka hwaɗa mata wanda za a kai ma zaren, ni na haihe shi."

Tun da na gama kwaleji aikin da na samu ke nan, isar da saƙo tsakanin mutum biyu da suke jin juna sarai.

Masu karatu, ga yadda abin yake. Wana Hamidu yana Abijan yana dako a kasuwa. Bai yi lakkwal ba, wato makarantar boko, kuma ba ya son wasiƙa, don ya ce wanda zai karanta masa zai karanta wa duk zango. Saboda haka kowace shekara, in bikin 'yancin kai ya kusa, Inna takan kaɗa zare, a jingina yaransa uku da bango a auna su. Kowane yaro da zarensa: na Kailu, babban, an rina shi da baba, na Haske da lalle, na auta Albarka fari. Ƙulli ɗaya na tsawo, ƙulli ɗaya na zagayen ciki. A ba mai tafiya ya kai, Hamidu ya kai wa tela, kafin Sallah riguna su iso mana nan Filingue. Inna tana ajiye irin kowane zare a cikin tukunya. Waɗanda suka je Abijan sun ce shi kuma a ƙusa yake rataye nasa, in ya yi baƙo ya sauko da su ya jera, ya ce ga Kailu bara, ga Kailu bana. Labarin gida da yake samu a shekara ke nan, kuma bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Bana mun auna, muka fito da na bara muka jera. Kailu yana inda yake. Haske tana inda take. Albarka, wanda aka yaye bara, tsawonsa bai motsa ba, amma ƙullin cikinsa ya ƙaru da faɗin tafin hannu. Tun da ruwa ya ƙi, cikin nan ne kaɗai abin da ya ƙaru a gidanmu. Ƙafafunsa sun sirance, gashinsa ya yi ja. Duk wanda ya tashi a yankinmu na Kurfey ya san irin wannan cikin, Hamidu ma ya sani.

Abin da Inna take tsoro shi ne ya ga zaren ya baro dako ya taho gida. Gona ba ta yi ba, rumbu ba komai, ɗan abin da yake aikowa shi muke ci. In ya dawo, an ƙara baki an rage hannu. Abin da Dijatu take tsoro shi ne a ƙara, ya ga yara sun girma, ya yi murna ya kwashe abin da ya tara ya ba tela. A aiko wa yaron da ke bukatar kunu riga mai aljihu. Akwai kuma abin da ba ta faɗa ba, ko ta bakina: tana so ya zo ya ga Albarka da idonsa tun yana iya ganinsa.

Na ce in rubuta takarda in yi bayani. A nan kaɗai suka haɗa baki, suka ce in yi shiru.

Muna cikin haka mai shela ya bi unguwa da ganga. Ya ce ranar biki Mai Girma Uban Ci-gaba, Allah ya ƙara masa inuwa, zai zo da kansa ya duba girman 'ya'yan ƙasa. A kawo kowane yaro gaban lakkwal a auna shi, wanda bai kai ba a ba shi garin madara. Faɗan gidanmu ya samu hutu, kowacce ta ce to, a bari manya su auna.

Ni dai ba na cikin masu cewa manya ba su damu da mu ba. Na ga shaida. Jajibirin biki aka kawo ruwa ganga guda a mota, tsarkakakke, ana kallon ƙasan gangar. Aka dama farar ƙasa da shi aka shafe duwatsun bakin hanya tun daga tasha har lakkwal. Matan da suka wuni bakin rijiya suna jiran guga ya jiƙe sun tsaya da tulunansu suna kallo. Ban taɓa ganin duwatsu sun ƙoshi haka ba. Motar hatsin da aka ce mana ta taso daga Yamai tun bara kuwa tana hanya. Ban yi mamaki ba, hanyar akwai rairayi, kuma man da za a zuba mata an zuba wa motoci uku da suka kawo Mai Girma, ɗaya shi, ɗaya masu tafi, ɗaya katakon awo.

Katakon nan abin kallo ne. Dogo, fari, an zana masa lambobi da jan layi a tsakiya, kyautar wata ƙasa mai nisa inda da alama ko'ina daɓe ne. Yaron da kansa bai kai jan layi ba yana da madara. Wanda ya wuce, Allah ya raya. Aka kafa katakon cikin rairayin gaban lakkwal, aka ajiye bulo guda kusa da shi inda yaro zai tsaya.

Mun makara, don sai da aka sake taɓa maganar zare kafin a fito. Muka samu layi ya kai gindin gawo. Maƙwabcinmu Hamani, wanda shanunsa suka ƙare a hanyar Tondikandia, ya riga ya fito da 'yarsa da ƙullin madara a hannu.

"Ɗan lakkwal, sai yanzu?" ya ce. "Kun yi sake. Da kun zo da sahe da ɗiyanku ba su girma ba."

Na ce ban gane ba.

"Dubi mai rubutu."

Na duba. Magatakardan da ke awo rana ta dake shi, ya gaji, duk yaron da ya hau bulo sai ya dafa kan katakon ya jingina kafin ya karanta lamba. Duk dafawa katakon ya ɗan nutse. Bulo yana nan inda yake, jan layi yana sauka.

"Na gaba gajeru, na baya dogaye," in ji Hamani. "In aka kai la'asar, jinjirin goye ma ya isa soja."

"Kai ba ka yi magana ba?"

"Ni? Ni da tawa ta hito gajera? Allah shi ja zamanin katako."

Da muka matso na tuna an kashe mini shekaru a kan benci, na ce bari in yi amfani da su. Na gaya wa magatakarda da faransanci, cikin ladabi, cewa katakon yana nutsewa. Ya amsa mini da hausa cewa shi awon yara aka aiko shi, ba awon katako ba. Ya ƙara da cewa in ina da ƙorafi in rubuta. Na tambaye shi wa zan kai wa. Ya ce shi.

Kailu ya hau bulo, ya wuce jan layi da yatsa uku. Haske ta hau, ta wuce da ɗaya. Magatakarda ya yi wa Dijatu barka, ya ce tana kiwo da kyau, ya ce mu matsa.

Albarka ne ya fitar da mu kunya. Mai Girma yana zagayawa da baƙin tabarau, ana riƙe masa laima, sai idonsa ya faɗa kan cikin yaron. Ya tsaya. Ya sunkuya, abin da aka ce bai saba yi ba, ya buga cikin da yatsa yadda ake gwada kankana. Ya juya ya ce wa masu tafi ga amsar masu yaɗa jita-jitar yunwa, suka tafa. Wani ma'aikacin lokotoro, wato asibiti, da ke bayansa ya tsura wa takalminsa ido, bai ɗago ba har aka gama.

Nan take aka zura wa Albarka wata riga sabuwa mai dogon hannu, ta rufe masa ƙafafu. Siraran yaran da ke kusa aka ce su koma bayan aji, akwai inuwa. Aka ba shi kofin madara ya riƙe, Mai Girma ya ɗora masa hannu a ka, mai hoto ya shiga baƙin mayafinsa. Kafin ya fito Albarka ya shanye rabin kofin. A gidanmu shi kaɗai ya gane yadda ake hulɗa da manya. Aka karɓe sauran, aka tuɓe rigar aka ninke, don gobe akwai biki a wani gari.

Sai jawabi. Mai Girma ya ce ƙasarmu yarinya ce mai tasowa, shekara goma da 'yan kai da samun kanta, kuma yaro mai tasowa dole ya riƙa jin yunwa, alamar girma ce. Ya ce awon yau ya nuna yaran Kurfey ba su taɓa girma kamar bana ba, musamman daga azahar zuwa yanzu. Wannan na ƙarshen bai faɗa ba, Hamani ne ya ƙarasa masa a kunnena. Ina yi wa Mai Girma godiya a madadin gidanmu. Mun je da yara uku da suka tsaya cik, mun dawo da dogaye biyu da ƙosasshe ɗaya, ba a kashe ko tiya guda ta hatsi ba. Ko ruwan sama bai taɓa yi mana aiki da sauri haka ba.

A gida Inna ba ta ko zauna ba.

"Ka hwaɗa mata," ta ce, "waɗanda suka yi karatu, masu mota, sun ƙara uku. Ni tsohuwa biyu na roƙa."

Dijatu ta sauke Albarka daga baya ta zaunar da shi bakin ƙofa. Ta daɗe tana gyara zanen goyo.

"Ka hwaɗa ma Inna ta ƙara tsawon," ta ce. "Na bar mata. Amma ƙullin cikin auta kada a taɓa shi. Yadda yake haka za shi tahi."

Inna ta kalli yaron, ta kau da kai. Ta ce ta yarda. Kowacce ta ga ta ci rabi. Inna ta samu tsawon da zai zaunar da ɗanta a Abijan, Dijatu ta samu cikin da zai gaya masa gaskiya.

Ni na ƙulla. Na kwance na tsawo na matsar da yatsa biyu a zare ukun, na bar na ciki yadda yake. Da na gama na shimfiɗa farin zaren bisa tabarma na duba. Ciki mai faɗi da yaro bai ƙara tsawo ba, wannan Hamidu zai gane shi tun daga nesa. Amma ciki mai faɗi da tsawo ya ƙaru, wannan yaro ne mai ci yana ƙoshi, ya yi sama ya yi gefe. Yaro ne kyakkyawa, irin na hoton Mai Girma. Na so a ce a gidanmu yake. Na buɗe baki in yi bayani, na ga karon farko cikin kwanaki su biyun suna tankaɗe a faifai ɗaya, na rufe.

Washegari da hantsi Sule ya yi sallama. Shi ne abokin ɗakin Hamidu a Abijan, ya zo ta'aziyyar babansa a Tabla, zai koma da motar kasuwa. Aka shimfiɗa masa tabarma, aka kawo ruwa, aka ba shi haƙurin rashin hura. Ya gaida Inna, ya karɓi zaren ya naɗe a yatsa, ya cire hula ya sa a ciki ya mayar. Ya ce bana ya kwashi saƙon zare gida-gida, kuma bisa ga abin da ke cikin hularsa, Kurfey ba ta taɓa samun albarkar yara irin ta bana ba. Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba.

Ya miƙe zai fita, Albarka yana zaune a bakin ƙofa ya tare hanya. Sule ya sunkuya ya ɗauke shi don ya wuce, ya ɗaga shi da ƙarfin da ake ɗaga yaro mai shekara uku, hannunsa ya tafi sama fiye da yadda ya nufa. Ya riƙe shi haka ɗan lokaci, sannan ya ajiye shi a hankali.

Daga tasha ana jin yaron mota yana kiran Yamai. Sule ya sa takalmi ɗaya, ya tsaya da ɗayan a hannu. Bai kalli Inna ba, bai kalli Dijatu ba, ni ma bai kalle ni ba.

"Zaren zan kai, wannan ba komi," ya ce. "Amma ɗaki guda muke kwana da shi. In ya rataye zaren ya juyo ya ce, Sule, kai da ka gan su da idonka, yaya ɗiyana, mi zan ce mai?"