Shinkafa Kyauta Ce

Wani mai aski ne, wasan waya ya shiga ransa. Wasan wani soja ne mai gudu yana harbi a cikin kango. Kyauta ya sauke shi. Kwana biyu sai ga saƙo ya faɗo: "Sayi ƙarin kaya, ka tallafa wa waɗanda suka haɗa wasan nan."

Gogan naka sai tausayi ya kama shi.

"Allah sarki! Bayin Allah sun ba mu wasa kyauta, ashe ko na abinci ba su da shi."

Nan take ya saya wa sojan hula. Washegari takalmi. Kafin mako ya zagayo ya saya masa tabarau da babur da kare, ya kuma saya wa karen rigar sanyi. Shi kuwa kujerar shagonsa ƙafa uku gare ta, ta huɗun bulo ne.

Rannan telan da ke maƙwabtaka da shi ya shigo aski. Ana ɗora masa inji ya zabura.

"Kai! Injin nan aski yake ko fige kaza?"

"Yi haƙuri, wata mai zuwa zan sake shi. Wannan watan sun fito da sabon tsibiri."

"Su wa?"

"Yaran da nake taimaka wa mana."

Tela ya zaro wayarsa, ya lalubo hoton ofishin kamfanin. Bene ne na gilashi, hawa ashirin, har da wurin iyo a samansa.

"Ga marayun naka nan. Kalle su da kyau."

Mai aski ya ƙura wa hoton ido, sai ga ƙwalla.

"Alhamdu lillahi! Ashe saƙona yana isa hannunsu. Yanzu in na janye, wa zai riƙa zuba musu ruwa a wannan tafkin?"

Yana magana hannu yana aiki, ya zabtare wa tela rabin gira.

A gida kuwa kuɗin cefane kullum sai ƙanƙancewa yake. Da safe matarsa ta juya abin da ya miƙa mata.

"Maigida, wannan ai ko ƙashi ba zai saya ba. Kare ya samu riga, mu mun rasa nama?"

"Ke matsalarki ba ki san tsari ba. Na asali ake bayarwa kyauta. Mai son ƙari ya biya, don mai haɗawa ya samu ƙarfin ci gaba. Adalci ke nan."

"Haka tsarin yake?"

"Haka yake a duk duniya."

"To, na gane."

Da rana ya jawo tela gida cin abinci, don a wanke laifin gira. Tun daga ƙofa ƙamshin miyar nama ya tare su. Mai aski har da buga ƙirji.

"Yau za ka san na yi dacen mata."

Ta shimfiɗa musu ledar cin abinci, ta dire faranti. Shinkafa ce fara sol, ba mai, ba gishiri.

"Ina miyar?"

"Shinkafa kyauta ce, Maigida. Miya ƙarin kaya ce. Nama kuma daban yake."

"Haba ke kuwa! A gaban baƙo?"

"Ai na baƙo ma daban ne. A daure a tallafa wa mai haɗawa."

Tela ya sunkuyar da kai, yana ta danne dariya. Kunya ta ishi mai aski. Ya zazzage aljihu kaf, cinikin safiya duka, ya miƙa. Ta karɓa har da rusunawa, ta kawo miya tana tururi, nama zuƙu-zuƙu.

Ya gyara zama, ya duba dama, ya duba hagu.

"To, cokali fa?"

"Cokali bai fito ba tukuna, sai wata mai zuwa. Amma in ka biya yanzu, kai za a fara ba."