Barandar Kallon Duwatsu

Gidana na Rano ni na zana shi da kaina, har da baranda a sama don kallon duwatsu. Da matata ta ce duk unguwar babu mai bene, na ce ai shi ya sa.

Ranar tarewa na hau da kofin shayi. Ina leƙawa sai ga maƙwabcina Alhaji Sule yana wanka a banɗakinsa marar rufi, kumfa har kunne. Muka haɗa ido. Don ruɗewa na ce, "Alhaji, an tashi lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, kafin ka hau."

Alhaji ya kai ƙara, mai unguwa ya yanke hukunci: kada in ƙara hawa sai na ƙwala sallama maƙwabta sun kintsa. Har yau in na doso majalisa sai wani ya ce, "Kowa ya riƙe wandonsa, ga ladanin baranda nan."