Mun Shiga Daji a Matsayin 'Yan Rakiyar Ƙudan Zuma

Idan kun ga rubutun yau ya ɗan karkace, ku yi mini uzuri, da ido ɗaya nake yin sa. Ɗayan ya kumbura ya rufe tun jiya da safe, kuma ba faɗa na yi ba. Hanyar kwana a daji a araha na gano, ita ce ta bar mini wannan shaida.

Maƙwabcina Nea Gherasim ne ya ja mini. Gwiwoyinsa sun gaji, 'yarsa da ke Italiya ta aiko da tikiti, ranar Lahadi zai tafi, kuma duk unguwa mun san ba tafiyar dawowa ba ce. Abu ɗaya ya roƙe ni, in kai shi ya kwana ɗaya a dajin bayan gari, inda mahaifinsa ya koya masa hura wuta da ƙyastu da sassaƙa cokali. Na ce ai wannan ba wani abu ba ne. Bakina ya cika saurin alkawari.

Na je ofis neman izini. Taga ta ɗaya ta tura ni ta huɗu, ta huɗu ta tafi taro. Da la'asar na samu ganin Yallabai Sarkin Hatimi, wanda ya yi mini bayani cikin natsuwa cewa dajin na al'umma ne gaba ɗaya, saboda haka ba a yarda mutum ɗaya ya kwana a ciki ba. Wallahi na jinjina wa wannan hikima. Ya ba ni shawarar in gwada Sansanin Shaƙatawa na Zamani, wanda Mai Girma Uban Almakashi ya yanke wa ƙyalle bara. Kun san wurin. An sare itatuwa ɗari biyu don masu zuwa kallon itatuwa su sami inda za su ajiye mota. Lei ɗari uku na kuɗinmu kwana ɗaya, ba a hura wuta, ba a shiga da wuƙa, amma akwai hoton kerkeci mai kyau a bakin ƙofa.

Na dawo ina ta huci a bakin shinge, sai Leontina, bazawarar da ke kiwon zuma a bayan gidana, ta yi mini kallon tausayi. Ta ce kuskurena shi ne na je a matsayin ɗan Adam. In itatuwan tei, waɗanda zuma ke son furensu, suka yi fure, masu zuma kan kwashi amyoyinsu su kai daji kyauta, kuma mai amya yana iya kafa tanti ya yi gadinta.

"Takardar ba taka ba ce, Ilarie, ta ƙudan zuman ce," in ji ta. "Ku biyu 'yan rakiya ne. In ka ɓatar mini da sarauniyarsu kuwa, kai ma ka nemi tikitin Italiya."

Washegari na koma da sunan ƙudan zuma. Minti goma, hatimi ɗaya. Har kujera Yallabai ya ba ni.

Muka ɗora amya ɗaya a tsohuwar motata, muka shiga daji kamar manyan baƙi. Don kada mai gadin daji ya yi shakkar ƙwazonmu, sai na kafa tantin dab da ƙofar amyar. Ashe ba a tare musu ƙofa, kowane mai zuma ya san haka, ni ne dai ban tambaya ba. Da gari ya waye na leƙo kai waje daidai lokacin da ma'aikata dubu ashirin ke fita aiki, ɗaya ta gaishe ni a ido. Nea Gherasim ya yi dariya har da riƙe ciki, dariyar da rabon da in ji ta tun rasuwar matarsa.

Da hantsi mai gadi ya iso. Ya karanta takarda, ya duba lafiyar amya, ni kuwa ko sannu. Sai ya hango tukunyar tuwon masara a kan wuta, ya ce wuta haramun ce sai don yi wa zuma hayaƙi.

"Hayaƙin nasu ne, ɗana," in ji Nea Gherasim. "Zafin ne muka ga zai tafi a banza."

Mai gadi ya yi nazarin wannan hujja, ya zauna, ya ci da cuku, ya ƙara.

Da muka naɗe tanti, tsohon ya daɗe zaune ya jingina da wata bishiya, sabon cokalinsa a cinya. Ban taɓa jin tausayin mutum irin na lokacin ba. Can ya zazzage gwangwanin tabarsa, ya durƙusa da ƙyar, ya cika shi da ƙasa. Mai gadi ya yi gyaran murya, ya ce fitar da wani abu daga daji sai da takarda. Yana cikin faɗa, manyan motoci uku suka wuce a hanyar ƙasa, maƙare da gungume, ko lamba babu. Ya bi su da ido. Sannan ya ɗaga kai sama ya ce yana jin za a yi ruwa, ya ci gaba da kallon sama har gwangwanin ya shige aljihu.

Saboda haka, Yallabai Sarkin Hatimi, ranka ya daɗe, in an zo ƙidayar ƙarshen shekara aka ga dajin al'umma ya ragu da tafi ɗaya na ƙasa, don Allah kada a wahalar da kwamiti. Ranar Lahadi zai tashi zuwa Italiya, a aljihun wani tsoho.