Katangar Gidan Kunkuru

A wani daji da ke bayan duwatsu, dangin kunkuru suka yi ta raguwa har majalisar dabbobi ta tsorata. Shugabanta, Bauna, ya sa aka gina musu gidan kiwo. Da yake shi mai son tsari ne, ya ce a ja katanga a tsakiya, maza gabas, mata yamma.

Matan suka yi ta saka ƙwai, ko ɗaya bai ƙyanƙyashe ba.

Aka kira taro. Jimina, wadda ake ji da ita a harkar ƙwai, ta ce yashin ne bai da ɗumi, aka canza yashi. Biri ya ce abinci ne, aka ƙara musu ganye da garin ƙashi. Tunku kuwa ya miƙe ya ce, "Ranka ya daɗe, ba a sanin halin ƙwai daga waje. A ba ni su in bincika cikinsu." Aka ba shi. Ya dawo yana lasar baki, ya ce binciken na buƙatar ƙarin ƙwai.

Wata macen kunkuru mai suna Kande, wadda tsufa ya fara kamawa ba ta taɓa samun ɗa ba, ta leƙo da kai a kunyace.

"Ranka ya daɗe, ni dai da za a bar ni in gaisa da maigidana, Tanko. Tun da aka kawo mu nan, tarinsa kawai nake ji ta bayan katanga."

Bauna ya haɗe fuska. "Baiwar Allah, muna maganar ƙwai kina kawo mana zancen ɗaki? Nan majalisa ce."

Kande ta mayar da kanta cikin ƙoƙon bayanta.

Da damina ta faɗi, Gadu ya zo tonon saiwa, bai ankara ba ya huda gindin katangar. Tanko, wanda ba a taɓa ganin ya yi sauri ba, shi ya fara wucewa, sauran suka bi.

Kafin kaka, gidan ya cika da 'ya'yan kunkuru. Kande ta rasa wanda za ta fara lasa don murna.

Majalisa ta yi biki. Jimina ta yabi yashi, Biri ya yabi ganye, Bauna ya yabi tsari. Aka hukunta Gadu saboda ɓarnar kayan jama'a, aka toshe ramin.

Labari ya kai dazuzzukan maƙwabta, suka aiko a taimaka musu da sirrin wannan nasara.

Aka tura musu magina.