Yadda Za Ka Gyara Jita da Matsefin Surukarka

Kai mai jitar da ta daina magana, matso kusa. Ni Marka mai kitso, wata biyu na yi ina leƙen wanga aiki ta hudar zana, har na fi mai yin sa iyawa. Ka bi matakan nan, na yi maka alkawari jitarka za ta yi kuka a ji ta har Bakura. Naka kukan yana nan tafe daga baya.

Na ɗaya: Samo jitar

Ka zama direban tifa a aikin dam ɗin Bakolori, kamar mijin ɗiyata Taiba, wanda ba ni kama sunansa. Ka yi ta washe wa wani Bature baki har ranar da zai koma garinsu ya miƙo maka jita. Kada ka tambayi abin da ya sa ya bayar. Sai ka iso gida za ka ga ɗan farin ƙashin nan da tsirkiyoyi shida ke hawa kai, wanda masu goge ke ce wa jaki, babu shi. Raminsa kaɗai ya rage. In ka kaɗa, sai ka ji kamar ana jan langa a kan siminti.

Na biyu: Nemo ƙashi

Kada ka kuskura ka je wurin mahauta. Ran Talata ƙashin shanu na nan zube a kasuwar Mafara har karnuka sun gaji da shi, amma wannan na ƙananan makaɗa ne. Kai ka jira surukarka ta tafi barkar haihuwa Garbadu, ka duba faifan da ta bari bakin ƙofa. Za ka ga matsefi na ƙashin raƙumi. Na uwarta ne, ita ma ta gada. Ranar da ruwan dam ya tashe su daga garinsu can wajen Maradun, ta bar turmi, ta bar randa, shi ta soke a kai ta hau mota. Duk amaryar da ta kitsa da shi aka tsaga mata kai. Ka ɗaga shi sama ka ce, "Wanga tsohon abu ai ya gama aiki."

Na uku: Sa zarto

Ka yanke bayan matsefin mai kauri, shi kake so. Haƙoran za su zube. Ka share su gindin darbejiya, inda tsohuwa za ta tsince su ɗai-ɗai, goma sha tara, tana ƙirgawa. Kada gabanka ya faɗi. Suruka ba ta tsare mijin ɗiyarta da tambaya, ko ido ba ku haɗawa. Iyakarta ta kira matarka.

"Taiba, ina matsefina?"

"Inna, ko kaji ne suka ja shi?"

"Kajin gidan nan zarto gare su?"

Na huɗu: Goga, gwada, goga

Ka goge ƙasan ƙashin ya kwanta sumul. Dutsen niƙan tsohuwar ya fi kyau, tunda ka riga ka fara da ita. Ya shige rami daram, ban da rawa, kuma ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri ya ɗan fi tudu. Kai ka fara sa shi a juye, a yi kwana uku ana jin abin kamar akuya ta maƙale a danga.

In ya yi tsawo, tsirkiya za ta yi nisa da wuyan jitar, yatsunka su farfashe, Taiba ta ƙarar mana da man shanu wurin shafa maka. Ƙara gogawa. In ka wuce gona, za ta riƙa zuu kamar zanzaro a tulu. Yago kwalin ashana ka shimfiɗa a ramin. Gwani na gaske sai ya cinye kwali huɗu, a rasa abin hura wuta a gidan.

Na biyar: Koya wa duniya

In abokinka Jafaru ya ce a liƙe shi da gam, ka tsaya jikin zanar surukarka ka buɗe murya: "Haba Jafaru! Ba a liƙe shi. Tsirkiya ke danne shi. Ka murɗa kunnuwan nan shida na kan jitar, tsirkiyoyi su saki, da yatsa biyu za ka zare shi." Ka faɗa sau biyu. Kowa ya san tsofaffi ba su ji.

Na shida: Ladabi

Kowace safiya ka tuɓe takalmi, ka durƙusa daga bayan zana.

"Inna, an kwana lafiya?"

"Lafiya lau."

Sannan ka koma zaure ka kaɗa mata matsefin uwarta. Ka kuma shelanta wa gari cewa ran Juma'a kai ne da wasa a bikin Jafaru a Bakura.

Na bakwai: Tafi aiki ran Alhamis

Ka rataye jitar a rumfa ka tafi hankalinka kwance. In ka dawo ka ga ƙusa kaɗai, ka tambayi matarka.

"Tana ɗakin Inna. Innar ta murɗa kunnuwan, ta zare ƙashin matsefinta da yatsa biyu."

"Jitar fa?"

"Ta cika ta da daddawa. Ta ce ramin ya yi daidai da hannunta."

"To shiga ki ɗauko mini!"

"Ni? Tana zaune a bakin ƙofa da muciya."

To bismilla, sarkin makaɗa, shigo ɗakin surukarka ka ɗauka. Kunyar da ta ɗaure mini baki wata biyu, yau ga ta a ƙafarka.

Na takwas: Mafita

Ɗaya ce. Ka kira Malam Maccido liman, ka durƙusa gabansa a ƙofar ɗakina, ka faɗi abin da ka yi da bakinka, ban da zancen kaji. Ka ɗauki bayan matsefin da haƙora goma sha tara ka kai wa Ɗantani maƙerin azurfa ya haɗa su. Ranar da na tsaga kan amarya da shi, ranar jita za ta fito. Mahauta kuma suna nan inda ka san su.

Gargaɗi: duk wanda ya bi matakan nan, ya je Bakura hannu rabbana aka yi masa dariya, ko ya karɓi jitarsa ƙudaje na bin sa har bakin dam, babu ruwan Marka. Ni ko kallonsa ban taɓa yi ba. Surukina ne, ina jin kunyarsa.