Yadda Na Shayar da Ofis Ruwa da Sauran Rana

Ba zan taɓa mantawa da goman ƙarshe na wani azumi a Jidda ba, ko da yake Allah ya sani na yi ƙoƙarin mantawar. Lokacin ina aiki a wani ofishin masu shirya wa baƙi Umara a unguwar Balad, can ƙuryar wani tsohon gini da ba shi da taga. In ka shiga ka rufe ƙofa, ban da ƙugin na'urar sanyi ba ka jin komai, ba ka kuma sanin rana ce ko dare. Ni ne mai kula da kwamfutocin wurin (wato ni ake yi wa tsawa in wani ya manta bai kunna soket ba).

Mai ofishin, Ammu Saleh, shi ne kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a wurin hukuma. A Jidda aka haife shi, kakanninsa ne suka zo hajji daga ƙasar Hausa suka zauna, don haka in ransa ya ɓaci Larabci ke ƙarasa masa magana. A watan ne iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, za ta ƙare, sabunta ta kuma yana hannunsa. Duk sanda na tuna masa sai ya ce, "Bayan Idi, inshallah," da wata murya da ba ta kwantar wa mai iyali hankali. Shi ya sa nake ta neman abin burge shi. Har manhajar kiran salla na saka a babbar kwamfutar ofis, wadda muke kira saba, na jona mata lasifika, tunda ba ma jin masallaci daga ciki. Ta daɗe tana kira daidai, kowa ya saba dogara da ita.

Ran nan da hantsi wuta ta ɗan ƙifta, saba ta mutu, ta ƙi tashi. Ka danna, fanka ta juya, ta yi ɗan kuka tit-tit, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Sunayen baƙinmu da masaukansu da motocinsu duk suna cikinta. Ammu Saleh ya tsaya a kaina.

"Ya waladi, mene ne mushkila? Mutane na filin jirgi!"

Na ce, "Yanzu-yanzu, Ammu." Ban san abin da ke damunta ba, amma ba a faɗa wa kafili haka.

Na kwance murfi, na hure ƙura har na yi ta atishawa. Na zare wayoyi na mayar. Na ciro 'yan allunan ƙwaƙwalwarta na goge na sake dannawa. Shiru. Azahar ta wuce, La'asar ta zo, ina durƙushe a ƙasa, maƙogwaro ya bushe, gwiwoyi sun yi tsami. Na gaji irin gajiyar da mutum ke kallon sukudireba a hannunsa ya rasa me ya ɗauko ta ya yi.

A ƙarshe na yi abin da nake ta gudu. Akwai wani ɗan batir kamar kwabo a cikin injin, shi ke riƙe mata saitinta na asali, wanda masu sana'ar ke kira Bayos. In ka cire shi, ta manta duk abin da aka taɓa gaya mata, ta koma yadda ta fito daga kamfani. Na yi bisimilla na cire, na ɗan jira, na mayar. Allo ya kawo haske! Sai dai ta tsaya tana laluben abin tashi a ramin fulofi, ɗan faifan nan na da, inda babu komai. Na shiga shuɗin allon Bayos na nuna mata babban faifanta. Sannan ta nemi kwanan wata da lokaci, don a ganinta mun koma shekarar da aka ƙera ta. Na dubi agogon hannuna na rubuta mata abin da na gani.

(A nan sai na yi bayani. Daga unguwar Nuzla nake zuwa aiki, kullum a makare. Da matata Hajara ta gaji da mitata, sai ta tura agogona gaba da kamar kwata, minti sha biyar. Da sanina aka yi. Kullum in na duba nakan cire kwatar a raina. Ran nan dai ran nawa ba ya wurin.)

Saba ta tashi. Ammu Saleh ya dafa kafaɗata ya ce, "Mashallah alaik, ya muhandis!" Injiniya fa, ni! Na ji iƙama ta matso kusa. Da yake aikin yini ya taru, ya ce babu mai tafiya gida, ya aika aka sayo dabino da sambusa da romon shurba da laban, wato nono, aka shimfiɗa leda a tsakiyar ofis. Aka zaunar da ni kusa da shi.

Lasifika ta ɗauki Allahu Akbar. Baba Isufu, dattijon Damagaram da ke tuƙa motar ofis, ya dubi agogonsa ya yamutsa fuska. "Kai, wannan agogon nawa ya tsufa," in ji shi. Ina kallo ya murɗa shi gaba ya daidaita da kuskurena, sannan ya kai dabino baki. Ni ma ban yi tunanin komai ba. Na sha laban, na bi da shurba, har ina ba su labarin ɗan batir kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

Da muka ɗan taɓa, Ammu Saleh ya ce, "Yalla, salla." Ni na fara buɗe ƙofar waje, da rabin sambusa a hannu, ina tauna.

Hasken rana na nan ja a saman gine-gine. Masu shagunan layin sun zauna sun kewaye shimfiɗarsu, dabino a gabansu ba wanda ya taɓa, wasu sun ɗaga hannu suna addu'a. Duk suka juyo suna kallon ƙato yana tauna, maiƙo a leɓe, bayansa kuma jerin mutane suna gyatsa. Muna tsaye a haka ladanin masallacin layin ya gyara murya ya fara kiran Magariba.

Sambusar nan ta ƙi wucewa ta ƙi dawowa. Na dubi agogona, sai a lokacin kwatar Hajara ta faɗo mini.

"Ya muhandis," in ji Ammu Saleh a hankali, "da wace sa'a ka saita makina?"

Na ɗaga hannu na nuna masa agogona. Na fara bayanin Nuzla da makara da matata, na ji bayanin ya fi laifin muni, na sauke hannuna. Abin da ya biyo baya da Larabci ne zalla. Amma wadda ta fi yi mini ciwo maganar Baba Isufu ce, da ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Ɗana, tun da na balaga ban taɓa shan azumi ba. Sai yau, da bisimillata."

Aka tambayi limamin layin, ya ce mu rama. Bayan Salla, gari na ta ciye-ciye, ofishinmu kaɗai ya tashi da azumi. Yinin nan ba wanda ya yi mini magana, ni kuwa na riga na fara tunanin yadda zan gaya wa Hajara ta haɗa kaya. Da yamma aka cire wayar lasifika, aka tura ni bakin titi in tsaya har in ji ladani da kunnena. Da na dawo na ce an kira, sai da Baba Isufu ya fita ya tabbatar.

Bayan an sha ruwa Ammu Saleh ya jefo mini iƙamata a cinya, sabuwa. "Khalas, na jaddada," in ji shi. "Wallahi da ana yarda, da na sa sun canza maka sana'a a ciki, su rubuta ladan."

Sunan ya bi ni. Har na bar ofishin, duk azumi in yunwa ta ci wani da La'asar sai ya leƙo ya ce, "Ladan, ba za ka taimaka mana ba?" Ni dai na koyi abu guda: in mutum zai yi wa kansa ƙarya don ya isa aiki da wuri, to ya bar ta a hannunsa, kada ya ɗura wa injin da masu azumi ke saurare.